Fiffiken Dama

Litinin, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Jirgin Shekwolo, ɗan ajinmu, ya faɗi a wata gonar doya a Garatu, wajen ƙarfe tara da rabi na safe. Yana da rai. Esta ƙanwarsa ce ta ɗauki wayarsa da na kira, ta ce ƙafarsa ta karye wuri biyu, kansa ya bugu, har yanzu bai san inda yake ba.

Mu goma sha ɗaya ne muke koyon tuƙin jirgi a wannan zangon, jirage biyu gare mu, yau saura ɗaya. An sallame mu tun kafin azahar. Na hau keke napep daga Maikunkele har Tudun Wada, ban san ta inda muka bi ba. Inna na ganin fuskata ta ajiye tsintsiya, na faɗa mata kafin ta tambaya. Ta ce Allah ya tashi kafaɗunsa, ta zuba mini abinci. Yana nan a rufe.

Talata, 8 ga Agusta, bakwai na safe

Na buɗe jakata zan ɗauki biro, sai ga kwalbar a ciki.

Ita ce 'yar kwalbar da muke tatsar mai da ita daga ƙarƙashin fiffike, mu ɗaga ta sama mu ga ko ruwa ya shiga tanki. Kowane jirgi da tasa, mazauninta aljihun bayan kujerar matuƙi. Wannan an rubuta mata lambar jirgin Shekwolo da jan fenti. Ban san sa'ad da na jefa ta a jaka ba. Na naɗe ta a tsohon ɗankwali, na tura ƙarƙashin akwati.

Talata, bayan magariba

Na duba hagu. Tankin fiffiken hagu kam ina da tabbas.

Laraba, 9 ga Agusta, biyar na yamma

Mun je asibiti, mu huɗu. Ya farfaɗo. An rataye masa ƙafa da igiya, an aske masa rabin kai, ya ce mu yi dariya idan za mu yi, kada mu riƙe ta ta yi mana illa. Ya gane mu duka. Ni ma ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini, Malama Duba-duba, wai don ina daɗewa a kan kowane ƙusa kamar zan saya.

Abin da ya tuna na ƙarshe shi ne dawowarsu daga coci ranar Lahadi. Safiyar Litinin babu ita sam a kansa, daga tashi barci har gonar. Likita ya ce tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa.

Mamansa tana zaune a ƙasa kan tabarma, da laka a gefen zanenta, daga gona aka ɗauko ta ranar nan kuma ba ta koma gida ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙe hannuna ta ce ta sha jin sunana, wai ni ce mai taimakon ɗanta a karatu. Ta sa mini albarka. Na ji kamar in zare hannun in ruga.

Alhamis, 10 ga Agusta, uku na rana

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in daina juya shi a kai.

Kafin kowane tashi akwai zagaye. Ka fara daga ƙofa, ka bi fiffiken hagu, ka durƙusa ka tatsi mai, ka buɗe murfin tanki ka leƙa, ka taɓa taya, ka zo hanci ka duba man inji da farfela, ka wuce fiffiken dama ka sake durƙusawa ka tatsa, ka ƙare da wutsiya. Wanda zai tashi shi ne zai zagaya, shi ne zai sa hannu. Kyaftin Felicia, malamarmu, tana da doka ɗaya da take maimaitawa har mun haddace muryarta: idan aka katse ka a tsakiya, ko da atishawa ce, ka koma ƙofa ka fara daga farko.

Wannan a takarda ke nan. A damina kuwa, hadari yana haɗowa kafin sha ɗaya, kowa yana so ya tashi ya dawo kafin nan. Saboda haka muke yin abin da muka tarar na gabanmu suna yi. Mai tashi ya ruga hasumiya karɓo rahoton yanayi, wani da ba shi da tashi a ranar ya riƙe masa zagaye, in ya dawo ya sa hannu ya shige. Babu wanda bai taɓa riƙe wa wani ba. An fi kawo mini, don an san ni da ƙaƙale.

Ranar Litinin ni na riƙe wa Shekwolo.

Yau Destiny, shugaban ajinmu, ya tara mu a bayan rumfar jirage. Ya ce kwamitin bincike zai fara zama ranar Litinin, kuma duk wanda ya ambaci maganar riƙe zagaye ya kashe mu gaba ɗaya, don za a rufe zangon a kori rabinmu. Ya ce sa hannun Shekwolo ne a takarda, mu bar takarda ta yi magana. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, sai da ya gama ya tambayi iska ko kowa ya gane. Na gyaɗa kai tare da kowa. Destiny da ba ya iya bambance man inji da man gyaɗa, yau shi ne mai ba ni umarni, kuma na bi.

Juma'a, 11 ga Agusta, hantsi

An kwana ana ruwa. An kwana ana ruwa daren Lahadin nan ma.

Asabar, 12 ga Agusta, bayan azahar

Inna ta ce na rame. Ta sa ni tsinke zogale don in daina zaman ɗaki. Tana ta ba ni labarin bikin 'yar maƙwabta, ina amsa mata da to. Can ta ce ita dai tun farko ba ta so wannan karatu na sama ba, amma tunda na shiga, ba ta so ta ga na fito da kai a sunkuye. Ban san me ta gani ba.

Na duba hagu. Mai shuɗi ne tas, babu ɗigon ruwa. Na watsar a ƙasa, na goge bakin kwalbar da gefen rigata.

Litinin, 14 ga Agusta, huɗu na yamma

Kwamiti ya zauna, mutum uku daga waje da Kyaftin Felicia. Ba a kira ni ba, sunana ba ya cikin jadawalin ranar nan. Amma a makarantar da ba ta fi gida biyu girma ba, kafin a tashi kowa ya ji komai.

Sun sami ruwa a tankin dama, kusan kofi biyu. Robar murfin ta saki, ruwan sama ya shiga. Shekwolo ya tashi da tankin hagu lafiya lau, da ya kai saman Garatu ya juya zuwa na dama kamar yadda aka koya mana, inji ya sha ruwa ya mutu. Sun ce saukar da ya yi ta yi kyau, kunyoyin doya ne suka kifar da shi.

Kuma sun nemi kwalbar tatsa a cikin jirgin da kewayen gonar, ba su gan ta ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce wannan ya nuna yaron bai tatsi ko tanki ɗaya ba, hannu kawai ya sa. Idan suka rubuta haka, Shekwolo ya gama da jirgi har abada, ko ƙafar ta warke. Ba a yafe wa wanda ya sa hannun ƙarya.

Talata, 15 ga Agusta, shida na safe

Na ɗaga akwati na duba. Tana nan, ina za ta je.

Laraba, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Na koma asibiti ni kaɗai. Da ban je ba.

Labarin ya riga ni isa. Na tarar ya juya fuska bango, Esta tana roƙonsa ya sha kunu. Da ya ji muryata ya juyo. Babu Malama Duba-duba yau. Ya ce ya yi ta ƙoƙarin ganin kansa a gindin jirgin nan, ya kasa. Ya ce shi da yake yi wa mutane dariya idan suka yi zagayen shan iska, ashe shi ne babbansu. Wai babansa ya zo jiya, ya tsaya a bakin gado, ya ce a gona ma wanda bai duba gindin doya ba ba ya cewa ya duba, ya fita bai zauna ba.

Sai ya ce, "Kyauta, kina filin da safen nan. Kin gan ni?"

Na ce, "Na ga ka nufi hasumiya."

Ya jira ko zan ƙara wani abu. Na tambayi Esta ko kunun ya huce.

Abin da na faɗa gaskiya ne, kuma ban taɓa jin ƙyamar kaina kamar yau ba. A keke na yi ta kuka, mai keken ya rage rediyo.

Alhamis, 17 ga Agusta

Ban je makaranta ba. Na ce wa Inna ciwon kai.

Juma'a, 18 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Kwana goma sha ɗaya ina kauce wa Baba Ndagi, yau ya tare ni a bakin famfo. Shi ne babban makanikenmu, ya haura sittin, tun kafin a haife ni yake kwance injin jirgi. Na durƙusa zan gaishe shi, ya ce in tashi, wannan durƙuson ya ishe mu haka.

Tunda ya faɗa, bari ni ma in rubuta.

Ranar nan na gama hagu, na gama hanci, na iso fiffiken dama da kwalba a hannu. Sai na ji sallama a bayana. Baba Ndagi ne, ranar ya dawo daga Bida, sati biyu ba ya nan saboda rasuwar ƙaninsa. Ban gan shi ba tun da aka yi rasuwar. Yaya zan yi, in ce masa ya dakata ina aiki? Na durƙusa nan gindin fiffiken na yi masa ta'aziyya. Ya gaya mini yadda ciwon ya fara, da yaran da aka bari, muka yi addu'a muka shafa. Ina jin a lokacin ne na saka kwalbar a jaka don in ɗaga hannu biyu. Da ya wuce na miƙe, na karkaɗe gwiwoyina. Sun yi tsami, ga ƙasa a jikinsu, a daidai wurin da nake durƙusawa kullum in tatsi mai. Jikina ya ba ni cewa na gama da nan. Na wuce wutsiya. Shekwolo ya dawo da gudu, ya ce yaya, na ce komai lafiya.

Ban tatsi dama ba. Ga shi na rubuta.

Baba Ndagi ya ce kwamiti sun tambaye shi wa ya gani a gindin jirgi, ya ce musu idonsa ya tsufa. Ya ce idonsa ƙalau yake, zare yake sawa a allura ba tabarau. Ya ce robar murfin ma laifinsa ce, ya amsa wannan a gabansu, ya kamata ya canja ta kafin ya tafi.

"'Yata, shekara talatin ina korar masu yi wa mai zagaye magana. Ranar nan ni na yi miki sallama. Ba zan kira sunanki ba, ba da bakina ba. Amma yaron can yana kwance yana tsine wa kansa."

Ya wanke hannunsa da omo ya tafi, ya bar famfon a buɗe, ni na rufe.

Lahadi, 20 ga Agusta, bayan azahar

Destiny ya kira sau uku, ban ɗauka ba. Ya turo saƙo wai saura kwana huɗu a gama komai, in daure. Wa ya gaya masa akwai abin da nake daurewa?

Shekara biyu na yi ina roƙon a bar ni in shiga makarantar nan. Kawu Mudi ya daina yi wa Inna magana wata uku a kan haka. A unguwa yara suna kirana direbar sama, tsofaffi suna tsayar da ni su tambaya ko gaskiya ne ana ganin madatsar Zungeru daga can. Saura mini awa shida na tuƙi in yi tashin nesa ni kaɗai. Ina so. Ba zan yi ƙarya a littafina ba, ina son abin nan fiye da yadda nake son gaskiya a yau, shi ya sa nake zaune.

Litinin, 21 ga Agusta, biyu na rana

An dawo da tashi da jirgin da ya rage. Sunana ne na biyu, ni da Kyaftin Felicia. Yanzu kowa da kansa yake zagaye, har da su Destiny, suna ɗaga kwalba sama sosai don a gan su daga ofis.

Na fara daga ƙofa. Na tatsi hagu. Na tatsi dama. Na kai wutsiya, sai na ji ban yarda ba, na koma ƙofa. Na sake. A karo na uku wani ya yi tari a rumfa, na koma ƙofa. Kyaftin tana jingine da motar mai, hannu a harɗe, tana kallona har na tatsi dama sau huɗu. Hadari ya haɗo ta gabas, lokacinmu ya wuce.

Ta zo ta karɓi kwalbar daga hannuna, ta ɗaga ta duba, ta ce man nan ya fi ruwan da take sha tsabta. Sannan ta ce, "Kyauta, me kike nema a tankin nan?"

Na ce babu komai, Kyaftin. Ta ce to, ofishinta ba ya da makulli, in na tuna.

Talata, 22 ga Agusta, bayan magariba

Esta ta kira. An kawo wa Shekwolo takarda, an rubuta cewa ya yarda bai tatsi mai ba kuma ya sa hannu a kan ya yi. Ranar Alhamis za a karɓa. Ta ce ya karanta sau ɗaya ya nemi biro, ita ce ta ɓoye biron, don ita ba ta yarda ba. Ta ce ta san yayanta, mutumin da yake komawa ya taɓa kwaɗon ƙofa sau biyu. Ta ce, "Anti Kyauta, ke da kika san aikin, zai iya mantawa?"

Na ce mata cajin wayata ya kusa ƙarewa.

Laraba, 23 ga Agusta, sha biyu na rana

Na kai kwalbar. Na ajiye ta a teburin Kyaftin Felicia da ɗankwalin da komai, na faɗa mata daga ƙofa har wutsiya. Ban yi kuka ba sai da na zo wurin gwiwoyi.

Ta daɗe tana kallon jan fentin. Ta ce ta yi zargin ana riƙe zagaye tun bara, ta kawar da kai saboda jirage suna tashi a kan lokaci, wannan kuma nata ne za ta faɗa da bakinta gobe. Ta tambaye ni ko na san abin da zai biyo baya. Na ce na sani. Ta ce ba ta jin na sani, amma in zo ƙarfe goma.

Alhamis, 24 ga Agusta, biyar na yamma

Minti arba'in. Sun sa na maimaita sau biyu, ɗayansu yana rubutu bai ɗago ba. Baba Ndagi ya shigo bayana ya ce idonsa ya warke.

An kore ni. An dakatar da zangon gaba ɗaya sai an sake bincike. Shekwolo zai sami gargaɗi mai tsanani na ba da zagayensa ga wani, amma an janye takardar nan, kuma in ƙafa ta yarda zai iya dawowa.

Da na fito 'yan ajinmu suna tsaye a inuwar rumfa. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Destiny ya tofar da yawu gefe. Na miƙa katin shaidata a bakin ƙofa, mai gadi ya ce sai gobe, na ce Allah ya kai mu.

Na faɗa wa Inna duka. Ta ce in tashi in yi la'asar lokaci yana wucewa. Da na idar na tarar ta sauke hotona mai kayan makaranta daga bango, ta goge shi, ta mayar.

Juma'a, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Kyaftin ta riga ta je ta gaya masa jiya, saboda haka ban je da labari ba. Na je ne don babu yadda zan ƙi zuwa.

Mamansa tana nan kan tabarma. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa. Shi kuma an ɗaga masa gado, yana zaune, ya ci abinci, kwanon yana gefe babu komai a ciki. Na fara ba shi haƙuri ya ɗaga hannu. Ya ce tunda safiyar nan ba ta cikin kansa, in ba shi ita. In yi masa zagayen da baki, kamar yadda muke yi wa juna bita kafin jarrabawa, kada in tsallake komai.

Na fara daga ƙofa. Yana rufe da ido, yana gyaɗa kai a kowane wuri. Hagu, murfi, taya, man inji, farfela. Da na zo dama na ce sai Baba Ndagi ya yi sallama.

Ya ce, "Ranar ya dawo daga zaman makoki?"

Na ce e.

"Kika durƙusa."

"Na durƙusa."

Ya buɗe ido. Sannan ya ce, "Ni ma da na durƙusa, Kyauta. Wannan ba komai. Kwana goma sha shida ne ban gane ba. Kin zo nan, na tambaye ki, kika tambayi kunu."

Ya ce ya gode da jiya, da gaske yake, babansa zai zo gobe kuma wannan karon zai zauna. Ya ce wa Esta ta sauke masa gadon, bayansa ya gaji.

Esta ta raka ni har bakin ƙofar ɗakin, ta tsaya nan. Ba ta ce in gaida gida ba.